Fom na ta juyi bai ce uffan ba: sabis ne ko maginin shafi?

In ka taɓa cike fom ta intanet daga Bodinga ko Shagari, ka san 'yar da'irar nan da ke ta juyi bayan ka danna maɓallin aikawa. Ba ta ce an karɓa ba, ba ta ce an ƙi ba. Nan take sai a ɗora wa sabis laifi. Sabis na da nasa, amma kaso mai tsoka na wanda ya gina fom ɗin ne.

Ga yadda abin ke aiki. A da, in ka aika fom, shafin duka ke ɓacewa ya sake lodi. Yanzu burauza na aika bayananka ta bayan fage, shafin na nan a gabanka, sabar ta dawo da 'yar gajeriyar amsa. A 2005 Jesse James Garrett ya raɗa wa wannan dabara suna Ajax. Dabara ce mai kyau, tana rage cin data. Tantancewa kuwa sau biyu ake yi. Ta farko a wayarka: lambar NIN ta cika 11? Ta biyu a sabar: lambar na nan a rajista? Wani ya riga ya yi amfani da wannan imel ɗin? Ta farko sauƙi ce kawai gare ka, ana iya tsallake ta. Ta biyun ce alƙali.

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun 2021 JAMB ta ce ba rajista sai da NIN, a watan Yunin shekarar kuma INEC ta buɗe rajistar farko ta masu zaɓe ta intanet. Ɗalibin Ɗanchadi ko Kajiji da fom ya ci masa tuwo a ƙwarya ya yi asarar kuɗin mota da na kafe, wani lokacin har wa'adi ya wuce shi.

Aibi na farko shi ne shiru. Abu uku ke iya faruwa da saƙonka: an karɓa, an ƙi, ko amsa ta ɓace a hanya. Magina da yawa biyun farko kawai suke shiryawa, don inda suka gwada aikin sabis ba ya yankewa. To, kai da ka ga shiru sai ka sake dannawa, alhali na farkon ya isa. Ka ga an samu rajista biyu ke nan, ko cirar kuɗi sau biyu. Maganin sananne ne: a kulle maɓallin da zarar an danna, a ba kowace aikawa lambarta ta daban don sabar ta gane maimaici, in lokaci ya ja kuma a faɗa maka.

Na biyu, amsa ta zo amma ba a nuna maka ba. Laravel, ɗaya daga cikin manyan kayan gina shafuka, in ya ƙi fom yakan dawo da lamba 422 tare da bayanin kuskuren kowane gurbi. Amma sai magini ya ɗora wannan bayani a gefen gurbin. Malalaci sai ya rubuta maka kalmar Turanci guda da jan rubutu, ya bar ka da lalube. Haka in ka daɗe, misali wuta ta ɗauke a kafe, zamanka a shafin kan ƙare, sabar ta dawo da 419. Fom nagari zai riƙe abin da ka rubuta. Maras kyau sai ya share komai, ka koma farko.

Na uku ya fi ciwo: fom ya ce sunanka ba daidai ba ne. Mu'azu da Sa'adatu na faɗuwa saboda ɗan waƙafin sama, wai tsoron masu kutse, alhali akwai hanyar kare rumbun bayanai ba tare da taɓa sunan kowa ba. Ɗ, ƙ da ɓ ma duk suna cikin Unicode. Ga kuma gurbin sunan iyali. Shugaba Shehu Shagari sunan garinsu ya ɗauka, mahaifinsa kuwa Aliyu. Haka dubban Sakkwatawa suke: nan su sa sunan uba, can su sa na gari. Ranar da sabar ta gwada takardun biyu, sai ta ce mutum biyu ne.

Kai mai cikewa, kada ka sake dannawa sai ka duba imel ko saƙon waya. Rubuta sunanka yadda yake a takardar NIN, harafi da harafi, ka kuma ɗauki hoton kowane shafi. Kai kuma magini, Chrome na da wurin rage gudun intanet don gwaji, kyauta ne. Kunna shi, ka yanke sabis ana tsakar aikawa, ka ga me fom ɗinka zai ce wa mutumin Lambara. In ya yi shiru, aikinka bai ƙare ba.