Tsokaci a Kan Ƙa'idar 802.11h da Amfaninta a Ƙasar Kazaure

Manufar wannan takarda ita ce auna ƙa'idar 802.11h, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2003, a ga iyakar amfaninta ga makarantun ƙasar Kazaure.

Ƙa'idar ta tanadi dabaru biyu ga na'urorin Wi-Fi masu aiki a zangon gigahaz 5, watau rage ƙarfin watsa saƙo, da kuma sauya tasha idan an ji motsin na'urar hango jiragen sama. Dabara ta farko abin yabo ce ƙwarai. Na'urar da aka ƙure wa ƙarfi takan kai saƙo nesa, amma wayar hannu ba ta da muryar mayar da amsa. Bugu da ƙari takan danne maƙwabtanta, domin kowace na'ura sai ta ji shiru kafin ta watsa nata.

Sai dai an tsara ƙa'idar ne don cika sharuɗɗan Turai. Ba ta shafi zangon 2.4 ba, inda wayoyi masu araha suke cunkoso, alhali tashoshi uku ne kurum, 1 da 6 da 11, ba sa shiga juna. Zangon 5 kuwa, katanga mai kauri ta fi raunana shi.

Saboda haka, a ɗakin kwanan ɗalibai a Kazaure ko makaranta a Roni, nauyin yana wuyan mai kafa na'urorin: ya yawaita su, ya rage musu ƙarfi, ya raba musu tashoshin nan uku.