Labulen da ya rufe da wuri: sharhi a kan wani wasan kwaikwayo na ɗalibai

A ƙarshen shekarar karatu da ta gabata, ɗaliban wata makarantar sakandare ta yankinmu na Dantchiao sun nuna wasan kwaikwayo a kan fyaɗe. Labarin gajere ne: wani mai shago, dattijo a idon gari, ya yaudari yarinya ƴar talla, uwa ta gane, uba ya ce a rufa asiri, mai gari ya kira zaman sulhu, uwa ta ƙi, ta kai ƙara wurin jandarma. A fitowa ta ƙarshe jandarmomi biyu suka sa wa mai shagon ankwa, fili ya ɗauki tafi, aka rufe labule. Yarinyar da ta fito a matsayin uwa ta cancanci yabo, domin ba ta yi kururuwa ko birgima ba; shirun da ta yi lokacin da aka miƙo mata kuɗin sulhu ya fi duk maganganun wasan nauyi. Duk da haka na tashi da ƙorafi guda, wanda ya shafi yawancin wasanninmu da finafinan Hausa da muke kallo: mun saba rufe labule a daidai inda shari'a take farawa.

Mu da ke bakin iyaka, labarin Kano da zafinsa yake iso mana. A watan Yuni na 2020 rundunar ƴan sandan Kano ta sanar da kama wani mutum a Kwanar Dangora, bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga ƴar shekara 10 har tsohuwa mai shekara 80. A cikin watan ne kuma gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Jama'a ta yi tafi kamar yadda ƴan kallonmu suka yi. Sai dai a tsarin Najeriya kamu matakin farko ne. Kotun majistare, inda ƴan sanda kan fara kai wanda ake zargi, takan tsare shi ne, a aika da takardun bincike ma'aikatar shari'a, a jira shawarar lauyoyin gwamnati kafin a je babbar kotu. Sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba babban lauyan jiha ikon shigar da ƙara, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta. A nan ja-in-ja take tasowa. Ɗan sanda ya ce shi ya kama ya miƙa, lauyoyi ne suka zauna a kan takardu. Lauyan gwamnati ya ce an kawo masa ƙara ba takardar likita, ba shaidu, da me zai tsaya gaban alƙali?

A Nijar tsarin ya bambanta, domin na Faransa muka gada. Dokar bin ƙa'idar shari'ar laifuka ta 1961 ta sa jami'in bincike, jandarma ne ko ɗan sanda, a ƙarƙashin jagorancin mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda Faransanci ke kira procureur. Ta wajabta masa sanar da shi ba da jinkiri ba, ta ƙayyade tsarewar farko ga awa 48, ta kuma sa babban laifi ya bi ta hannun alƙali mai bincike. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka gyara a 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe, shekara 15 zuwa 30 kuma idan yaron bai kai shekara 13 ba. A takarda babu gurbin gardama. Amma mai shigar da ƙara bai san komi ba sai abin da aka rubuto masa, jandarma kuwa shi ke zaune da mutanen gari, shi ake yi wa sallama da dare. Idan an yi wa yarinya wanka, an wanke tufafinta, an kai ta asibiti bayan mako guda, hujja ta riga ta raunana, an kuma wuce awa 72 na maganin rigakafin ƙanjamau. Tun ran gini tun ran zane.

Mai son ganin inda wannan rashin jituwa kan kai, ya dubi Beljiyam. A 1995 jandarmomin ƙasar sun sa ido a asirce a kan Marc Dutroux, ba tare da sun buɗe wa alƙalin da ke binciken ɓatan wasu yara mata biyu abin da suka sani ba. A watan Disamba na shekarar wani jandarma ya bincike gidansa, har ya ji muryar yara, bai gano ɗakin da aka ɓoye su ba, yaran suka mutu da yunwa. Ranar 20 ga Oktoba 1996 mutane kusan 300,000 suka yi tattaki a Burusel, a 2001 kuma aka rushe rundunar jandarma aka haɗe ta da ƴan sanda. Ƙasar tana da kuɗi da kayan aiki. Abin da ya ci yaran nan shi ne kowane ɓangare ya riƙe saninsa kamar gadon ubansa.

Wannan ne babin da wasan ɗalibanmu ya rasa. Da an ƙara fitowa biyu, ɗaya a ofishin jandarma inda ake rubuta bayanin yarinya, ɗaya a gaban mai shigar da ƙara a Magarya ko Damagaram, da ƴan kallo sun ga rikicin da ya fi na mai shago zurfi: ma'aikata biyu, kowanne yana ganin gaskiyarsa, uwa kuma tana tsakaninsu da kuɗin mota da ke ƙarewa. Mugu baƙi ƙirin da jarumi fari fat ba su da wuyar rubutawa. Marubucin ƙwarai shi ne mai iya nuna yadda ƙara take mutuwa a hannun mutanen da babu wanda ya yi niyyar kashe ta. Su Yazi Dogo sun nuna mana tuntuni cewa ofis ma dandali ne, kuma Bahaushe yana son ganin ma'aikaci a kan faifai.

Da ƴan kallo sun koma gida da sani uku: a kai yaro asibiti nan take ba tare da wanka ba, a nemi takardar likita, janye ƙorafin iyaye kuma ba ya kashe ƙarar gwamnati, domin fyaɗe laifi ne ga al'umma duka, ba bashi ba ne da mai gari zai sasanta.

Saboda haka ina kira ga ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu: kafin ku rubuta wasa na gaba, ku gayyaci jandarma da alƙali su zauna da ɗalibai, kowa ya faɗi inda aikinsa ya fara da inda ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a rufe labule sai an ji hukunci.