Taron da Ba a Taru Ba: Masu Busa a Zamanin Kulle

Da annobar korona ta rufe ɗakunan kiɗa a Turai cikin Maris na 2020, masu busa kayan tagulla suka shiga tsaka mai wuya. Sana'arsu numfashi ce, ga shi kuwa numfashin ne kowa ke gudu. A Birtaniya, inda ƙungiyoyin badujala suka samo asali daga garuruwan haƙar kwal da masaƙu, an soke gasar ƙasa da ake yi a Royal Albert Hall a Landan. Sai mabusa suka koma ga waya: kowa ya naɗi nasa a ɗaki, a haɗa, a fitar da bidiyo mai ƙananan tagogi, fuska ɗaya a kowace taga.

Dabarar ta girmi annobar. Makaɗi Les Paul ya riƙa ɗora sauti kan sauti tun ƙarshen shekarun 1940, mai tsara waƙoƙi Eric Whitacre kuma ya haɗa mawaƙa 185 ta intanet a 2010. Kulle dai ya mai da ita tilas. Makaɗan birnin Rotterdam suka yi kiɗan Beethoven daga gidajensu, na Faransa suka yi Boléro na Ravel, ƙungiyoyin badujala irin su Cory ta Wales suka bi sahu.

Me ya hana su busa tare kai tsaye? Jinkirin intanet. Idan sauti ya makara ko da kaɗan ne cikin daƙiƙa, kiɗa ya wargaje. Don haka ake aika wa kowa ƙwanƙwasar auna lokaci, ya sa a kunne ya bi ta. A nan ne, a ganina, aka yi babbar asara. Mabushi a cikin taro ba takarda kaɗai yake bi ba. Yana jin lokacin da na kusa da shi ya ja numfashi, yana ɗan sassauta leɓe don muryarsa ta zauna cikin ta sauran, kamar yadda masu kakakin sarki ke sauraren juna kafin su amsa. Ƙwanƙwasa ba ta numfashi, ba ta jiran kowa. Ga waya kuma, wadda aka yi don maganar mutum: ƙaho ya yi ƙara ta danne shi, babbar tuba ta yi gurnani ta kasa kama shi. (Maƙwabta kam sun ji komai, har abin da wayar ba ta ɗauka ba.)

Saboda haka jagoran gaskiya shi ne wanda ba a gani a bidiyon, mai zaune gaban kwamfuta yana daidaita farkon kowace busa, yana gyara wadda ta kauce, yana ƙara amon babban zaure a kan sautin da aka ɗauka kusa da gado. Haɗin kan da mai kallo ke yabawa, shi ya ɗinka shi.

Shi ya sa na fi yarda da irin aikin Christopher Bill, ɗan Amurka mai busa turombon, wanda tun kafin annobar yake busa dukkan muryoyi shi kaɗai a YouTube. Bakin ɗaya ne, numfashin ɗaya, kuma bai ce wa kowa taro ne ba.