Muryar da ke tayar da Iliya tsaye

Ba kowane mai karatu ne ya iya karanta wa mutane labari ba. Saurayin da ke Sabon Maci, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, mai yiwuwa da Faransanci ya yi lakwal, ko kuma allo kaɗai ya yi, amma da zarar an kunna littafin yaƙi a salula za ka ga ya kasa kunne, har shayi ya huce a hannunsa. Aikin mai karantawa ne wannan.

Jarumai dai muna da su tun tuni. Gandoki na Bello Kagara ya fito a 1934, bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, gurgun da ya tashi ya zama barde, shi da dokinsa Ƙwalele.

To, saurari gwani ya iso wurin da Iliya zai miƙe. Ba ya gaggawa. Sai ya sassauta murya, ya ja numfashi, ya bar shiru ya ɗan yi tsawo, kamar mai ɗaga tulu cike da ruwa. Sa'an nan ya saki jimlar da ƙarfi. In aka shiga fagen fama kuwa, jimloli su gajarce, sara da suka su zo a jere, kuma duk da haka ba ka rasa gane wanda ke magana: muryar sarki daban, ta boka daban, ta aljani mai kauri daga ƙirji. Wannan gado ne daga kakanninmu mata, waɗanda ke yi wa Gizo tsamin baki a tatsuniya.

Akwai wata wahala da mai sauraro bai sani ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka dole idon mai karatu ya riga bakinsa isa gaba, ya fahimci ma'ana kafin ya furta. Kuskure ɗaya ya isa ya rushe fagen yaƙi gaba ɗaya.

Gidajen rediyonmu na karkara, ku nemo samari da 'yan mata masu irin wannan baiwa, ku ba su fili ko da sau ɗaya ne a mako.