Daga Mai Ba Da Labari Zuwa Mai Ba Da Shaida: Tarken Salon David Attenborough

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken ayyukan David Attenborough, ɗan Ingila wanda ya shahara wajen shirya finafinan zahiri a kan dabbobi da tsirrai da muhalli. An ɗora nazarin a kan harshe, domin a irin wannan fim hoto yana nuna abu ne kawai, muryar mai sharhi ita ke gaya wa mai kallo yadda zai fahimce shi. Za a duba yadda wannan murya ta sauya a tsawon aikinsa, sannan a tsaya a kan wakilin suna "mu", wanda a kansa jigon ayyukansa na baya-bayan nan ya rataya.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An haifi Attenborough a shekarar 1926, ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Kambirij, ya kama aiki da BBC a 1952. Shirinsa na farko da ya yi fice shi ne Zoo Quest, wanda aka fara a 1954 da tafiya zuwa Saliyo don kamo namun daji da za a kai gidan ajiyar dabbobi na Landan. A 1965 ya zama shugaban tasha ta biyu ta talabijin ɗin BBC, amma a farkon shekarun 1970 ya ajiye muƙami ya koma daji. Daga nan ne ya fito da Life on Earth a 1979, mai kashi goma sha uku, da The Living Planet a 1984, da The Trials of Life a 1990.

3.0 Muryar Mai Ba Da Labari

A waɗannan ayyuka salonsa na siffantawa ne. Jimlolinsa gajeru ne, kalmomin na yau da kullum, kuma yakan sassauta murya tamkar mai gudun kada ya firgita dabbar da ke gabansa. Fitaccen misali shi ne zamansa cikin goggon birai na duwatsun Ruwanda a Life on Earth, inda ya rage magana ya bar hoto ya yi aiki. Wannan ƙwarewa ce da ba a musunta ta.

Sai dai salon yana da tasgaro. Dajin da ake nunawa daji ne da ba mutum a cikinsa, ba makiyayi, ba manomi, ba kamfanin saran itace. Filayen Serengeti na Tanzaniya, alal misali, sun zama alamar duniyar da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, alhali a 1959 ne aka tashi Masai masu kiwo daga cikinsu. Gaskiya ne ya yi shirye-shirye a kan al'ummu, kamar The Tribal Eye na 1975, amma a manyan ayyukan da suka ɗaukaka sunansa mutum baƙo ne. Inda kuwa ba mutum, ba mai laifi. Wannan ne ya sa a 2018 George Monbiot, marubucin jaridar Guardian, ya zarge shi da shafe shekaru yana nuna kyawun halittu ba tare da faɗin abin da ke hallaka su ba.

4.0 Muryar Mai Ba Da Shaida

Sauyi ya zo sannu a hankali. A 2006 ya yi shiri a kan ɗumamar yanayi, a 2017 kuma Blue Planet II ya nuna ɓarnar leda da robobi a teku, har maganar ta shiga majalisar dokokin Birtaniya. Amma cikar sauyin yana cikin A Life on Our Planet na 2020, wanda shi da kansa ya kira shaidarsa, wato irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali.

Zubi da tsarin wannan fim abin yabo ne. An buɗe shi kuma an rufe shi a Piripiyat, garin da aka ƙaurace wa bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986, inda itatuwa suka mamaye gidaje. Tsakanin farko da ƙarshe an auna rayuwar mutum guda da alƙaluma uku. A cewar fim ɗin, a 1937 yawan mutanen duniya biliyan 2.3 ne, iskar kabon kashi 280 cikin miliyan, sauran daji kashi 66 cikin ɗari. A 2020 mutane sun kai biliyan 7.8, kabon ya kai 415, daji ya koma kashi 35. Ta haka tsufan mai magana ya zama ma'aunin asarar, kuma "ni" na mai shaida ya sami nauyin da "ita" ko "su" na mai siffantawa bai taɓa samu ba.

5.0 Matsalar "Mu"

Mai shaida ba ya tsayawa ga faɗin abin da aka yi, sai ya faɗi wanda ya yi. A nan ne fim ɗin ya yi rauni. Mai aikata ɓarna a kusan kowace jimla shi ne "mu": mu muka sare daji, mu muka ƙarar da kifi. Turanci, kamar Hausa, ba ya bambanta "mu" da ya haɗa da mai sauraro da "mu" da ya ware shi. Saboda haka kalmar takan tattara mai kamfanin man fetur da macen da ke neman icen girki a cikin tuhuma guda.

Alƙaluma ba su goyi bayan wannan kuɗin goro ba. Rahoton ƙungiyar Oxfam na 2020 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2015 kashi 10 cikin ɗari mafiya arzikin duniya su suka fitar da kashi 52 na kabon, rabin mutanen duniya mafiya talauci kuwa kashi 7 kacal. Bugu da ƙari, sanya yawan jama'a a sahun farko na alƙaluman fim ɗin yana karkatar da hankali ga ƙasashen da ake yawan haihuwa, waɗanda su ne mafi ƙarancin hannu a ɓarnar. Ba a ce Attenborough ya yi ƙarya ba. Abin da ake cewa shi ne, nahawu ya rarraba laifi daidai wa daida inda ba a aikata shi daidai wa daida ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda aikin Attenborough ya tashi daga siffantawa ya kai ga shaida, da yadda shaidar ta tsaya ba ta ambaci wanda ake tuhuma ba. Darasin ya shafi duk mai fassara irin waɗannan finafinai ko mai rubuta sharhinsu da harsunan Nijeriya. A Hausa tarkon ya fi faɗi, domin ban da "mu" akwai "an" da "aka", waɗanda ke ɓoye mai aikatawa ɗungurungum. Mai cewa "an gurɓata ruwa" ya faɗi gaskiya, amma bai gama ba. Wanda ya ɗauki wannan sana'a wajibi ne, bayan ya iya riƙe kyamara, ya riƙa tambayar kowace jimla tasa: wa ya aikata?