Balaga da Rushudi a Fim ɗin Nausicaä

Malaman fiƙihu sun bambanta balaga da rushudi, kuma a kan rushudin Hayao Miyazaki ya gina katun ɗinsa Nausicaä (Japan, 1984). Shekara 1000 bayan yaƙi ya ƙone duniya, sojojin Tolmekiya suka kashe mahaifin gimbiya Nausicaä. Cikin fushi ta hallaka wasunsu. Da ta huce, sai ta tsorata da abin da hannunta ya aikata, ta fara riƙe zuciyarta. A ganina nan ne hankalinta ya nuna, kuma nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi.

Rauninsa yana ƙarshe. Manyan ƙwarin nan, Ohmu, suka rayar da ita, aka mayar da ita cikar wani tsohon alkawari. Yarinyar da muka ga tana kokawa da ranta ta koma mai ceto, wadda ɗalibi zai kalla amma ba zai iya koyi da ita ba.