Masu haɗa wa kwamfuta guzuri

Duk wanda ya taɓa buɗe takarda a kwamfuta ya ga "ƙasa" ta koma ɗan akwati da "asa" a gefensa ya san takaicin abin. Harafin yana nan bai ɓata ba, kwamfutar ce ba ta da zanen da za ta nuna shi. Masu sana'ar haruffan kwamfuta suna kiran akwatin nan tofu, wato awara, kuma daga nan Google ya samo sunan tarin haruffansa na Noto, wanda aka yi don kada wani harshe ya sake fitowa awara-awara. In kuwa ka kunna sabuwar kwamfuta ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito sumul, to wani ne ya tuna da kai tun kafin ka saye ta.

Aikin mutanen nan yana burge ni matuƙa. Su ne ke zaɓar abin da babbar manhaja za ta zo da shi: wane salon haruffa, waɗanne ƙananan kayan aiki, wane littafin jagora. Guzuri suke haɗa wa matafiyin da ba su san shi ba, ba su kuma san inda ya nufa ba.

A duba babbar manhajar Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Shekaru da dama ƙa'idarsu ita ce komai ya shiga faifan CD guda, megabayit 700, har suna aika wa mutane faifan kyauta ta gidan waya. Jaka ce ƙarama, don haka duk abin da zai shiga sai wani ya fita. A 2010 suka cire GIMP, manhajar gyaran hoto mai ƙarfin gaske, saboda ta cinye wuri, alhali yawancin mutane yanke hoto da daidaita haskensa kawai suke bukata. An yi ta gunaguni, amma ni ina ganin sun yi daidai, domin mai sonta zai iya sauke ta daga baya.

A wajen haruffa ne gwanintar ta fi fitowa. Ba kyau kaɗai ake dubawa ba. A 2007 kamfanin Red Hat ya saki haruffan Liberation, waɗanda faɗin kowane harafi a cikinsu ya yi daidai da na Arial da Times New Roman. Amfanin haka shi ne, in aka turo maka takarda mai shafi uku daga Windows, za ta buɗe a shafi uku, layi bai zame ba, tebur bai karkace ba. Haruffan Sinanci da Japananci kuma dubbai ne, suna da nauyi sosai. Sai mai zaɓe ya auna: ya ɗora wa kowa wannan kaya, ko ya jira sai mutum ya zaɓi harshen? Sannan ga batun lasisi, don ba kowane salo mai shi ya yarda a raba kyauta ba.

Mutanen Debian, wata babbar manhaja irin Ubuntu, ba sa dogara da zato. Suna da wata 'yar manhaja, popularity-contest, wadda in ka amince take aika musu rahoto duk mako kan abin da kake amfani da shi, da wannan suke jera kayan da za su shiga faifan farko. A 2022 kuma suka kaɗa ƙuri'a kan saka wasu manhajojin da ba su cika sharaɗinsu na 'yanci ba a faifan, saboda in babu su kwamfutoci da yawa ba sa kama intanet, wanda bai hau intanet ba kuwa ta ina zai sauko da maganin? Debian 12 ta fito da su a 2023.

Wannan dalilin ne ya sa nake goyon bayan masu barin littafin jagora a cikin kwamfuta, kamar yadda babbar manhajar Unix ta saba tun 1971. Wanda data ke masa tsada, ko sabis ke yanke masa, ba zai iya neman bayani a waje ba.

Mai karatu, in ka tarar haruffanmu masu lanƙwasa ba sa fitowa a wata manhaja, ka rubuta wa masu ita ka gaya musu. Suna karanta irin waɗannan saƙonni, kuma da su suke gyara zaɓinsu.